Yadda ake cike jadawalin hasashen gasar ƙwallon kwando ta matan jami'o'in Amurka

Idan watan Maris ya kai tsakiya, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, takan fitar da sunayen ƙungiyoyin mata da za su kara a gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, wadda ake kira March Madness. An fara gasar a 1982 da ƙungiyoyi 32, aka kai 64 a 1994, sannan 68 daga 2022. Sili-ɗaya-ƙwale ce: wadda aka doke sau ɗaya ta tattara kayanta. Tsakanin daren Lahadin da ake fitar da jadawali da Juma'ar da ake fara zagayen farko, masu bibiya kan zauna su rubuta wadda suke ganin za ta ci kowane wasa, tun daga farko har ɗaga kofi, sannan a riƙa ƙirga maki yayin da gasar ke tafiya. Shafukan intanet na tashar wasanni ta ESPN da na NCAA suna ba da damar yin haka kyauta. Ba sai an haɗa kuɗi ba. Da kuɗi ya shiga ya koma caca, kuma ita kanta NCAA ta hana 'yan wasanta da kociyoyinta shiga irin wannan.

Kuskuren da ya fi yawa guda ɗaya ne. Mutane kan zo da ɗabi'ar gasar maza, inda ƙananan ƙungiyoyi ke yawan kayar da manya, su cika takardarsu da bazata. Gasar mata ba haka take tafiya ba, kuma akwai dalilai a cikin tsarinta. Wanda ya gane dalilan ya riga ya wuce rabin abokan takararsa kafin a jefa ƙwallon farko.

Mataki na ɗaya: ka gane abin da ke kan takardar

Ta ƙofa biyu ake shiga gasar. Jami'o'in Amurka a rarrabe suke cikin rukunai, irin su SEC, Big Ten, ACC, Big 12 da Big East, kuma duk wadda ta ci kofin rukuninta tana da gurbi kai tsaye. A 2025 guraben nan 31 ne. Sauran 37 kwamiti ne mai mutum 12 ke zaɓa bisa abin da kowace ƙungiya ta yi a kakar. Shi ya sa za ka ga zakarar wani ƙaramin rukuni ta samu shiga, alhali an bar wadda ta fi ta ƙarfi a waje. Dokar ce haka, kuma ita ce ke sa wasannin farko su zama na babba da yaro.

Kwamitin yakan jera duka ƙungiyoyin daga ta 1 zuwa ta 68, ya raba su shiyya huɗu, a kowace shiyya a ba su lamba daga 1 zuwa 16. Haɗin zagayen farko ba ya canjawa: 1 da 16, 8 da 9, 5 da 12, 4 da 13 a rabin sama, 6 da 11, 3 da 14, 7 da 10, 2 da 15 a rabin ƙasa. Wadda ta fito daga wasan 1 da 16 za ta haɗu da wadda ta fito daga 8 da 9, haka nan har ƙasa. Ba a sake jefa ƙuri'a bayan kowane zagaye, don haka tun daren Lahadi kana iya ganin duk hanyar da kowace ƙungiya za ta bi.

Kafin zagayen farko akwai wasanni huɗu na share fage, First Four, ranakun Laraba da Alhamis. Huɗu mafiya rauni cikin zakarun rukunai su kara don guraben lamba 16 guda biyu, huɗun ƙarshe cikin waɗanda kwamiti ya zaɓa su kara don gurabe biyu, galibi na lamba 11. Yawancin shafukan hasashe ba sa ƙirga waɗannan. Wasanni 63 da suka rage su ne aikinka. Amma ka kalle su. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a 2023 Mississippi State ta fito daga share fage da lamba 11, ta je ta doke Creighton mai lamba 6.

Daga nan zagayen farko Juma'a da Asabar, na biyu Lahadi da Litinin. Mako na gaba a yi zagayen 16 da na 8. Sai wasannin daf da ƙarshe, Final Four, ranar Juma'a, wasan ƙarshe ranar Lahadi.

Mataki na biyu: ka karanta dokar ba da maki kafin ka rubuta suna ko ɗaya

Tsarin da aka fi amfani da shi yana ninka maki a kowane zagaye: 1, 2, 4, 8, 16, 32. ESPN takan ƙara sifiri, wato 10 zuwa 320, amma lissafin ɗaya ne. Kowane zagaye jimlarsa maki 32, duka shida 192.

Ka zauna da wannan lissafin, don a nan gasar take. Dacewa da zakara a wasan ƙarshe kaɗai daidai yake da dacewa da duka wasanni 32 na zagayen farko. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi, idan ita ka zaɓa, ta kawo maka 1 da 2 da 4 da 8 da 16 da 32, jimla 63, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk makin da ake iya samu. Wanda ya kwana yana nazarin wasan 7 da 10, ya zaɓi zakara cikin minti ɗaya, ya zuba ƙarfinsa inda babu riba.

Wasu masu shirya hasashe sukan ƙara lada ga wanda ya dace da bazata, misali a ninka makin da lambar ƙungiyar da ta ci. Idan haka dokar taku take, zaɓen masu lamba 10 da 11 da 12 ya fi riba sosai, kuma shawarar da ke mataki na biyar za ta ɗan sassauta. Idan ba haka ba, ka bi ta yadda take.

Mataki na uku: ka fara daga zakara, ka dawo baya

Kada ka fara daga wasan farko na kusurwar hagu kana gangarowa. Mai yin haka yakan tsinci kansa a ƙarshe da ƙungiyar da bai taɓa niyyar ba kofi ba. Ka rubuta zakara tukuna, sannan huɗun ƙarshe, sannan takwas, kana komowa.

Tarihi ya taƙaita maka zaɓi ƙwarai. Daga 1982 zuwa 2025 babu ƙungiyar da lambarta ta wuce 3 da ta taɓa ɗaukar kofin, kuma masu lamba 3 ɗin ma uku ne kacal: North Carolina a 1994, Tennessee a 1997, LSU a 2023. Wato cikin 68, ƙungiyoyi 12 kawai ne abin dubawa, kuma a gaskiya huɗu zuwa shida ne. Kofin ma ya taru a hannun 'yan tsiraru: UConn, wato jami'ar Connecticut, ta koci Geno Auriemma ta ɗauka sau 12, Tennessee ta koci Pat Summitt sau 8, Stanford da Baylor da South Carolina sau uku-uku.

Amma suna ba ya buga wasa. Ga abin da za ka auna a tsakanin waɗancan huɗu zuwa shida.

Na farko, ƙarfin hari da na tsaro, a kan ma'aunin da ya dace. Matsakaicin maki a wasa yana yaudara, domin ƙungiyar da ke gudu takan riƙe ƙwallo sau da yawa fiye da mai tafiya a hankali. Abin da ake so shi ne maki nawa take ci, nawa ake ci mata, a duk riƙon ƙwallo 100. Shafuka irin su Her Hoop Stats sun riga sun yi lissafin. Idan kana son yi da kanka, adadin riƙo a wasa shi ne: yawan jifa, a cire ƙwallayen da ta sake cafkewa bayan nata jifan ya ƙi shiga, a ƙara yawan ɓarar da ƙwallo, a ƙara jifan kyauta da aka ninka da 0.475. Sai ka raba maki da wannan adadin, ka ninka da 100. Zakara kusan kullum tana sahun gaba a duka ɓangarorin biyu. Mai hari kaɗai takan ba da sha'awa, ta kai nesa, ta tsaya a bakin ƙofa.

Na biyu, benci da tsawo. Wasan ƙarshe na 2024 darasi ne cikakke. Caitlin Clark ta Iowa ta ci maki 18 a zangon farko kaɗai, ta gama da 30. Duk da haka South Carolina ta ci 87 da 75, ta rufe kakar da nasara 38 babu faɗuwa. Me ya faru? 'Yan bencin South Carolina sun ci maki 37, na Iowa ba su ci ko ɗaya ba. A cafke ƙwallon da ya ƙi shiga kuwa 51 da 29 aka tashi, Kamilla Cardoso ita kaɗai ta kama 17. Don ɗaukar kofi sai an ci wasa shida, bibbiyu a kowane ƙarshen mako, da hutun kwana ɗaya tak a tsakani. Ƙungiyar da ke dogaro da 'yan wasa biyar ko shida tana iya cin na farko, ƙafa ta yi mata nauyi a na biyu. Ka duba 'yan wasa nawa ne ke samun aƙalla minti 15 a wasa. Takwas alama ce mai kyau. Shida abin tsoro ne.

Na uku, wa ta doke, kuma a ina. Nasara 30 a kan raunana ba ta kai nasara 25 da aka sha wuya a kansu ba. Shafin NCAA yana fitar da jerin NET, ma'aunin da kwamitin ke dubawa, wanda ke la'akari da ƙarfin abokiyar karawa da wurin da aka buga. Abin da ya fi muhimmanci a gare ka shi ne sakamakonta da manya a waje ko a filin da ba na kowa ba, domin daga zagayen 16 babu sauran wasan gida.

Sai kuma abin da ba ya cikin alƙaluman ƙwallo: ku nawa ne kuke takarar hasashen? Idan ku goma ne ko ashirin, ka ɗauki wadda ta fi kowa ƙarfi, ka bar sauran su yi wa kansu illa. Idan ɗaruruwa ne, rabinsu za su ɗauki waccan ɗin, ko ta ci ba za ka bambanta da su ba. A nan ta biyu ko ta uku a ƙarfi ta fi riba. A 2023 South Carolina ta shiga wasan daf da ƙarshe da nasara 36 ba a taɓa doke ta ba, Iowa ta fitar da ita 77 da 73, Clark ta ci 41. A 2017 Mississippi State ta katse wa UConn nasara 111 a jere, 66 da 64 a ƙarin lokaci, da jifan Morgan William na daƙiƙar ƙarshe. Babu wadda ba a kayarwa; sai dai mai kayar da ita ma babba ce.

Mataki na huɗu: huɗun ƙarshe

A ɗauki shekaru biyar a jere. A 2021 masu lamba 1 uku da mai lamba 3 ɗaya. A 2022 masu 1 uku da mai 2. A 2023 masu 1 biyu, mai 2, mai 3. A 2024 masu 1 biyu, masu 3 biyu. A 2025 masu 1 uku da mai 2. Cikin gurabe 20, babu ko ɗaya da ya je hannun mai lamba 4 ko abin da ya yi ƙasa. Saboda haka ka sa masu lamba 1 biyu ko uku, ka cike saura da mai 2 ko 3. Sanya duka huɗun ba wauta ba ce, ya faru a 1989, 2012, 2015 da 2018, amma ba shi ne ya fi yawa ba. Shekara irin 2016, da Syracuse mai 4 da Washington mai 7 suka kai, takan zo jefi-jefi, kuma ba a gina takarda a kanta.

Wace mai lamba 1 za ka fitar? Kwamitin yakan faɗi jerinsu, daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. Ka fara zargin ta huɗun, ka duba wace mai lamba 2 aka haɗa ta da ita. Ka kuma tabbatar da abu mai sauƙin mantawa: shiyyoyi biyu da ke gefe ɗaya na takardar su ke haɗuwa a daf da ƙarshe, don haka ƙungiyoyi biyu da ka fi yarda da su ba lalle ne su iya haɗuwa a wasan ƙarshe ba.

Mataki na biyar: zagaye biyu na farko, inda filin gida ke mulki

Nan ne babban bambanci da gasar maza. Tun 2015, ƙungiyoyi 16 na sama, wato masu lamba 1 zuwa 4 a kowace shiyya, su ke karɓar baƙuncin zagayen farko da na biyu a filayen jami'o'insu. Suna kwana a garinsu, suna jifa a kwandon da suka saba da shi, dubban magoya bayansu na ihu a kansu. Ita kuwa mai lamba 13 ta tsallaka rabin ƙasa ta zo ta tarar da duk wannan.

Sakamakon a bayyane yake. Har zuwa 2025 babu mai lamba 14 ko 15 da ta taɓa cin wasa a gasar. Mai 16 sau ɗaya ta doke mai 1: Harvard ta ci Stanford 71 da 67 a 1998, kuma a lokacin Stanford ta rasa manyan 'yan wasanta biyu saboda raunin gwiwa daf da gasar. A 2024, cikin wasanni 32 na zagayen farko, sau ɗaya kawai ƙasa ta doke sama, lokacin da Middle Tennessee mai 11 ta fitar da Louisville mai 6. A 2025 babu mai lamba 11 zuwa ƙasa da ta tsallake. Masu 10 biyu ne suka ci, Oregon da South Dakota State.

Don haka ka yi haka. Masu 1, 2 da 3 duka ka wuce da su zagayen farko ba tare da dogon tunani ba. Masu 4 ma haka, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wright State mai 13 ta doke Arkansas a 2021, amma a shekarar, saboda annobar korona, an tattara gasar duka a jihar Texas, ba a bi tsarin masu masauki ba. Wannan ya ba ka wasanni 16 cikin 32. Sauran 16, wato 5 da 12, 6 da 11, 7 da 10, 8 da 9, ana buga su a filin wata ƙungiya ta uku, babu mai gida a cikinsu, kuma nan ne kawai ya dace ka nemi bazata. Biyu zuwa huɗu sun isa, ban da wasannin 8 da 9 waɗanda kusan kunnen doki ne.

Yaya ake gane ƙaramar da za ta iya? Ka nemi zakarar ƙaramin rukuni wadda ta ci kusan duk wasanninta, 'yan wasanta 'yan shekarar ƙarshe ne da suka daɗe tare, ba sa ɓarar da ƙwallo, suna jifa mai maki uku da kyau, kuma a Nuwamba ko Disamba sun je gidan wata babba sun ba ta wuya. Sannan ka duba ta saman: tana yawan ɓarar da ƙwallo? Ta faɗi wasanni da yawa a Fabrairu? Dalilin da jifan nesa ke da muhimmanci shi ne ƙarama ba ta da tsawon da za ta yi kokawa a ƙarƙashin kwando. Hanyarta ita ce ta rage gudun wasa, ta cinye daƙiƙa 30 na kowane hari, ta riƙa mayar da martanin jifa mai maki biyu da jifa mai maki uku. Wasa mai ƙarancin riƙo ya fi ba sa'a wuri.

Zagaye na biyu ya fi buƙatar natsuwa. A 2024 da 2025, kowace shekara 13 cikin masu masauki 16 ne suka kai zagayen 16. Cikin shidan da suka kutsa, biyar masu lamba 5 ne da suka doke masu 4: Colorado da Baylor a 2024, Tennessee da Kansas State da Ole Miss a 2025. Ta shidan Duke ce mai 7, da ta je gidan Ohio State mai 2 ta fitar da ita. Ga inda ribar take. Tazarar ƙarfi tsakanin 4 da 5 kaɗan ce, wani lokaci babu, filin gida ne kawai ya raba su. Ka zaɓi ɗaya ko biyu cikin masu 5 su wuce. Ko ka kuskure asarar kaɗan ce, tunda ko wacce ta fito mai lamba 1 ce ke jiranta.

Fitar da mai lamba 1 a zagaye na biyu kuwa wani abu ne daban. Ya faru sau biyu a 2023, Ole Miss mai 8 ta ci Stanford, Miami mai 9 ta ci Indiana, duka a gidajensu. Amma ka yi lissafi: idan ka dace, maki 2 ka samu. Idan ka kuskure, ka rasa 2 ɗin, ka rasa 4 na gaba, da 8, wataƙila da 16. Kada ka yi sai idan ka riga ka yanke cewa ba za ta wuce zagayen 16 ba ko ta yaya.

Mataki na shida: rauni

Lambar da kwamiti ya bayar ladan wata huɗu ce da suka wuce. Kai kuwa mako uku masu zuwa kake hasashe. Abin da ya fi raba su shi ne rauni, musamman tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda ta yi yawa a ƙwallon kwandon mata. A 2024 Virginia Tech ta rasa babbar 'yar wasanta Elizabeth Kitley a ƙarshen kaka, ta samu lamba 4 da masauki, Baylor ta fitar da ita a zagaye na biyu. Wannan ana iya hango shi tun daren Lahadi. Wanda ba a iya hangowa shi ne irin na JuJu Watkins ta USC, da ta ji rauni ana tsakiyar zagaye na biyu a 2025. Ƙungiyarta ta lallaɓa har zagayen 8, UConn ta tsayar da ita.

Ga kowace ƙungiya da ka kai zagayen 16, ka buɗe takardar wasanninta uku na ƙarshe, ka ga ko manyanta biyar sun buga, kuma minti nawa. Kociyoyi ba sa son faɗin gaskiyar rauni kafin gasa. Idan an ce ana duba ta kullum, amma ba ta buga gasar rukuni ba, ka ɗauka ba ta warke ba. Rashin mai rarraba ƙwallo ya fi rashin mai yawan cin maki illa, domin idan babu mai haye da ƙwallo lafiya, sauran ba za su ma samu jifa ba.

Dokokin da ke juya wasa

Wasan matan jami'a zango huɗu ne na minti 10, tun kakar 2015 zuwa 2016, ba rabi biyu irin na maza ba. Idan ƙungiya ta yi laifi na biyar a zango, kowane laifi daga nan jifan kyauta biyu ne, kuma ƙirgen yana komawa sifiri a sabon zango. 'Yar wasa kuwa laifi biyar ke fitar da ita gaba ɗaya, shi ya sa koci kan zaunar da wadda ta yi biyu kafin hutun rabin lokaci. A wasan ƙarshe na 2023 laifuka sun zaunar da manyan LSU da wuri, sai Jasmine Carson ta taso daga bencinsu ta ci maki 21 kafin hutu, LSU ta yi nasara 102 da 85. Ƙungiyar da doguwarta ɗaya ce, kuma mai saurin yin laifi, ka rage mata zagaye ɗaya daga abin da ka yi niyya.

A minti na ƙarshe na zango na huɗu, ƙungiyar da ta nemi hutun koci tana iya dawo da ƙwallo daga ɓangaren abokiyar karawa. Wannan yana sa tazarar maki biyu ko uku ta zama ba komai ba ko saura daƙiƙa uku, kuma yana fifita ƙungiyar da ke da mai iya ƙirƙirar jifa da kanta. Arike Ogunbowale ta Notre Dame ta yi haka sau biyu a 2018, a kan UConn ranar Juma'a, a kan Mississippi State ranar Lahadi. Idan wasan 8 da 9 ya gagare ka rabawa, ka duba kashin jifan kyauta: mai kashi 75 cikin 100 ta fi mai 65 tsira a irin wannan ƙarshen.

Tun 2023 ana buga zagayen 16 da na 8 a birane biyu maimakon huɗu, kamar Albany da Portland a 2024, Birmingham da Spokane a 2025. Ka ɗauki taswira ka ga wa ke kusa. Ba gida ba ne, amma ƙungiyar da magoya bayanta za su iya zuwa da mota ta fi wadda ta tsallaka daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku. Wannan na raba gardama ne kawai, ba ya rinjayar bambancin ƙarfi.

Mataki na bakwai: bita da miƙawa

Ka bi takardar daga zakara zuwa baya ka tabbatar kowace ƙungiya da ka kai gaba ka ba ta nasara a duk zagayen da ya gabata. A takardar hannu wannan kuskuren yana yawan faruwa. Ka ƙirga: masu masauki nawa ne a 16 ɗinka? Ƙasa da 12, ka yi ganganci. Duka 16, ba laifi ba ne babba, amma da wuya ka bambanta da kowa. Ka nemi jami'ar da kake ƙauna ka tambayi kanka ko da sunanta daban ne za ka kai ta inda ka kai ta.

Akwai gurbin raba kunnen doki, inda ake neman makin wasan ƙarshe. Na 2021 zuwa 2025 sun tashi 54 da 53, 64 da 49, 102 da 85, 87 da 75, 82 da 59. Jimlolinsu daga 107 zuwa 187, matsakaici 142. Ka fara daga nan, ka ɗaga idan duka biyun da ka zaɓa masu gudu ne, ka sauke idan masu tsaro ne.

Ana rufe karɓar hasashe da zarar an fara wasan farko na ranar Juma'a. Lokutan da ake sanarwa galibi na agogon gabashin Amurka ne, kuma a Lahadi ta biyu ta Maris ake tura agogon can gaba da awa ɗaya, don haka ka sake lissafa bambancin lokacin, kada ka dogara da na watan jiya. Ka cike ka ajiye tun Talata, ka dawo daren Alhamis bayan wasannin share fage ka duba labarin rauni, ka gyara abin da sabon labari ya taɓa kawai.

Bayan an fara, shafin zai nuna maka lambobi biyu: makin da ka samu, da mafi yawan da za ka iya kaiwa. Na biyun shi ne abin kallo. Wanda ke kan gaba ranar Litinin ta farko da maki 55, amma an fitar da zakararsa, ya riga ya rasa aƙalla 60 daga abin da ya rage. Mai 48 da huɗunsa na ƙarshe ke nan daram ya fi shi matsayi. Idan kuwa takardarka ta wargaje tun makon farko, wasu shafukan sukan buɗe sabon hasashe daga zagayen 16, wasanni 15 kacal, kuma a lokacin ka riga ka ga kowace ƙungiya ta buga sau biyu da idonka.